IDAN ƘARARRAWAR TSARON GIDA TA FARA "ƘARYA"

A wannan wata zan ɗan kauce wa maganar tarbiyya da muka saba, in kawo mana wata wadda da jin ta za a ce ta maza ce, alhali kuwa mu ne muke kwana da ita mu tashi da ita.

Duk mazaunin Ikara, Makarfi ko Kudan bai manta da daren Juma'a, 1 ga Satumban 2023 ba, lokacin da 'yan bindiga suka auka wa masallata a garin Saya-Saya cikin ƙaramar hukumar Ikara ana sallar Isha'i, aka rasa rayuka bakwai. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kafin nan galibi daga Birnin Gwari da Giwa muke jin irin wannan labari, mu yi Allah Ya kyauta, mu ci gaba da harkokinmu. Bayan wannan dare sai magidanta suka tashi tsaye. Wani ya ƙara tsawon katanga, wani ya cire ƙyauren katako ya sa na ƙarfe, unguwanni suka ƙarfafa 'yan sintiri, masu ɗan hali kuma suka haɗa da fitilar sola da ƙararrawar tsaro.

Mijin yayata yana cikin waɗanda suka sa ƙararrawar. Shi fataucin tumatir da tattasai yake yi zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, idan kaka ta yi sai ya yi mako biyu bai kwana a gida ba, daga Yaya sai yara biyar sai gyatumarsa. Ya ɗauko mai aiki daga Kano, ya zo da safe, ya ja wayoyi ta cikin silin, kafin Magariba ya gama, ya nuna wa Alhaji yadda ake kunnawa da kashewa, ya karɓi kuɗinsa ya kama hanya. Ba wanda ya kira Yaya ya nuna mata komai, sai daga baya Alhaji ya faɗa mata lambar sirri.

Wata tara abin yana aiki lafiya lau. Da damina ta kankama, wani dare wajen ƙarfe biyu jiniya ta ɗauka. Maƙwabta suka fito da gora da tocila, 'yan sintiri suka zagaye gidan, ba kowa. Bayan kwana biyu ta sake. A karo na uku mutum biyu kacal suka leƙo, ɗayansu ma daga bakin ƙofarsa ya tsaya yana tambaya ko dai abin nan ne na kullum. Da gari ya waye Yaya ta zare soket, ta sa babban ɗanta ya cire batir, gida ya yi tsit. Haka na'urar da aka kashe wa kuɗi masu yawa ta zauna a mace kusan wata uku, har na je hutu na tarar.

Na ce, "Yaya, me allon yake nunawa kafin ki kashe?"

Ta ce, "Oho, Malama, wata 'yar fitila ce dai ja take ƙiftawa a kan lamba uku."

Na ce, "To lamba ukun ina ne a gidan nan?"

Sai ta yi dariya ta ce wannan kuma sai Alhaji. Aka kira Alhaji a waya, shi ma ya ce sai mai aikin. Mai aikin kuma lambarsa ba ta shiga.

MECE CE SHIYYA?

Uwargida, ƙararrawar tsaro kashi huɗu ce. Akwai akwatin da yake shi ne uwar na'urar, yawanci ana ɓoye shi a sito ko bayan ƙofa, da batir a cikinsa. Akwai allon lambobi kusa da ƙofar shiga, inda kike danna lambar sirri. Akwai jiniya. Sai kuma 'yan rahoto, wato ƙananan na'urorin da ke manne a jikin ƙofofi da tagogi da kusurwar falo, waɗanda masu aikin ke kira sansa. Ana raba gidan shiyya-shiyya, su masu aikin zon suke cewa, kowace shiyya da lambarta: ƙofar zaure ta ɗaya, tagogin falo ta biyu, haka har takwas ko fiye.

Ki ɗauka 'yan mata ne suka riƙe hannun juna suka yi da'ira a dandali. Wata 'yar wuta kaɗan tana fita daga akwatin, ta bi waya, ta ratsa sansar ƙofa ko taga, ta dawo. Muddin tana dawowa, akwatin ya san lafiya. Da zarar ɗaya ta saki hannu, da'ira ta yanke, sai ya nuna lambar wannan shiyya, in kuma an kunna tsaro ya saki jiniya. Akwatin bai san dalilin yankewar ba. Ɓarawo ne ya ɓalle ƙofa, ɓera ne ya ci waya, ƙyaure ne ya sauka, duk ɗaya ne a wurinsa. Saboda haka abin da muke kira ƙarya, ita na'urar gaskiyarta ta faɗa, akwai inda aka saki hannu, aikinmu shi ne mu gano wurin.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1853 wani Ba'amurke mai suna Augustus Pope ya yi rajistar ƙararrawar ƙofa mai aiki da batir da maganaɗisu, a 1857 Edwin Holmes ya sayi haƙƙin ya mai da ita sana'a. Abin da ya fi burge ni shi ne labarin Marie Van Brittan Brown, wata baƙar fata ma'aikaciyar jinya a birnin Niyok. Aikinta da na mijinta ba su da tsayayyen lokaci, sau da yawa ita kaɗai ke gida da dare, unguwar ba tsaro, 'yan sanda kuma ba sa zuwa da wuri. Ita da mijin suka tsara na'ura mai kyamara a jikin ƙofa da talabijin a ɗaki da maɓallin neman agaji, suka nemi rajista a 1966, aka ba su a 1969. Kin ga ashe matsalar matar da aka bari a gida ce ta haifi wani ɓangare na wannan fasaha, don haka ba mu da dalilin tsoron taɓa ta.

KAFIN KI TAƁA KOMAI

Sharaɗi ɗaya ne ba na son a yi wasa da shi. Idan jiniya ta tashi cikin dare, ki ɗauka gaske ne, ko da jiya da shekaranjiya ba a ga kowa ba. Ki tara yara a ɗaki ɗaya, ki kulle, ki kira maƙwabci ko shugaban 'yan sintiri, kada ki fita tsakar gida da tocila wai za ki duba waya. Binciken da zan bayyana na rana ne, bayan an kashe tsaro da lambar sirri.

Abu na farko da muka yi a gidan Yaya shi ne mayar da batir da soket, muka ɗauko takarda da biro. Na tsaya gaban allon, na sa yara suka rufe kowace ƙofa da taga, sannan ɗaya daga cikinsu ya riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga murya yana faɗin wurin, ni kuma ina rubuta lambar da ta kama. Cikin minti ashirin muka san gidan kaf. Lamba uku ita kaɗai ta ƙi mutuwa ko an rufe komai, kuma wurare biyu ne buɗe su bai kunna wata sabuwar lamba ba: ƙofar baya ta wajen sito da tagar kicin. Ashe su biyun ne aka ɗaura a waya ɗaya. Wannan ya zama ruwan dare, mai aiki yakan jera taga uku ko huɗu a shiyya guda don tsimin waya, kuma ɗaya daga ciki ta isa ta sa shiyyar duka ta nuna a buɗe take.

Idan gidanki akwai wannan na'ura kuma babu irin wannan takarda, ki ajiye mujallar nan ki je ki yi ta, ko da komai lafiya yake. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ƘOFA DA MAGANAƊISU

Sansar ƙofa gida biyu ce. Wadda ke jikin ƙyaure maganaɗisu ne zalla, ba waya. Wadda ke jikin firam ita ce mai waya, a cikinta akwai wasu siraran ƙarafa biyu a cikin 'yar kwalba kamar ƙwayar shinkafa doguwa. Idan maganaɗisun ya matso sai ƙarafan su haɗe, wuta ta wuce. Idan ya yi nisa su rabu. Tazarar da yawancinsu ke jurewa ba ta wuce kaurin yatsa ɗaya zuwa biyu ba, a ƙofar ƙarfe kuma ta fi haka ƙanƙanta, domin ƙarfen yana shanye ƙarfin maganaɗisun. Mu kuwa yanzu kusan kowa ƙofar ƙarfe gare shi.

A nan ne mafi yawan matsala take. Ƙyauren katako yana kumbura da damina, ya ƙanƙance da hunturu. Na ƙarfe nauyi gare shi, yara suna lilo a jiki, hinji ya saki, ya sauka kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya lura ba. Wani lokaci gam ɗin da aka manna maganaɗisun da shi ne zafin bazara ya narkar, ya faɗi, mai shara ta kwashe shi da bola.

Gwajin ba wuya. Ki samo wani maganaɗisun, ko na jikin tsohuwar sifikar rediyo, ko irin na manna wa firij in yana da ƙarfi. Ki buɗe ƙofar, ki kanga shi a jikin ɓangaren mai waya, wani ya duba miki allo. Idan lambar ta mutu, to sansa da waya da akwati duk lafiyarsu ƙalau, saitin ƙofa ne ya goce. Da muka yi haka a tagar kicin ba abin da ya canza. Muka rufe ta, muka koma ƙofar baya, ina kanga maganaɗisun sai na ji ɗan Yaya daga falo yana ihu, "Anti, ta mutu! Ta mutu!" Da muka duba da kyau, ƙyauren ya sauka har yana jan ƙasa, maganaɗisun ya koma ƙasa da abokin zamansa. Da rana in an danna sakata da ƙarfi yakan ɗan kama, da dare kuma iskar hadari tana girgiza ƙyauren sai ya saki. Shi ya sa jiniyar ba ta tashi sai daren da aka yi iska. Mai walda na bakin kasuwa ya zo ya ɗaga hinji, muka kwance noti biyu muka daidaita maganaɗisun, abin da aka kashe bai kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba.

IDON DA KE KUSURWAR FALO

Ɗaya nau'in sansar shi ne farin nan mai kama da ƙaramin kwano da ake maƙalawa a kusurwa, sama da mita 2 daga ƙasa, wanda ke ƙifta ja idan an gifta. Mutane da yawa suna zaton kyamara ce, har na san wadda ke rufe shi da ɗankwali idan za ta cire hijabi a falo. Ki kwantar da hankalinki, irin wannan na gama-gari ba ya ɗaukar hoto, ɗumi yake ji. Idan abu mai ɗumi ya motsa a gabansa sai ya yanke da'ira.

Abokan gabarsa a gidajenmu sanannu ne. Tsaka ta bi ta kan fuskarsa da dare, a wurinsa kamar ƙato ne ya gifta, saboda kusancinta. Gizo-gizo ya yi saƙa a gabansa, ko tururuwa da kyankyasai su shiga ciki ta ramin da waya ta bi, suna son ɗumin wurin. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wannan ramin a toshe shi. Akwai labulen da fanka ke kaɗawa a gaban tagar da rana ta gasa, akwai kyanwa, akwai kaskon gawayi ko na turaren wuta da aka bari a falo lokacin sanyi. Ƙurar hunturu ita kuma akasin haka take yi, ta lulluɓe fuskar har ya daina gani sosai. Ki goge shi da tsumma mai laushi, busasshe ko mai ɗan danshi, kada ki fesa masa maganin sauro kai tsaye. Idan an maido masa da wuta, ki ba shi minti ɗaya ko biyu ya daidaita kafin ki yanke masa hukunci.

Wani abin lura kuma, a tsakiyar bazara idan bango ya ɗau zafi har ya kusa ɗumin jikin mutum, ganinsa yana raguwa. Don haka a Maris da Afrilu ki riƙa sa yaro ya gifta ta gabansa ki tabbatar yana kamawa.

IDAN LAMBOBI DA YAWA SUKA KAMA TARE

Nan ba ƙofa ba ce. Da wuya ƙofa uku su lalace a dare ɗaya. Idan kika ga lambobi biyu ko uku sun kama lokaci guda, musamman na idanun motsi, kuma hakan na faruwa ne bayan an ɗauke wuta da 'yan awoyi, ki tuhumi batir. Su idanun daga akwatin suke shan wuta, idan batir ya yi sanyi sai su saki hannu gaba ɗaya.

Batirin akwatin yawanci mai bolt 12 ne, irin wanda aka rubuta wa 7Ah a jiki, mai kama da na ƙaramin UPS na kwamfuta. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa yakan yi shekara 3 zuwa 5. A wurinmu, da zafi da ɗauke wutar NEPA ba dare ba rana, kada ki yi mamaki in ya gaza tun kafin nan. Lafiyayye idan yana caji mita tana nuna wajen bolt 13.6 zuwa 13.8. In ya kumbura, ko farin gari ya taru a bakinsa, ya gama aiki. A rubuta ranar da aka sa sabo a jikinsa da maka. Wanda gidansa ke da sola da inbata, ya fi kyau a ɗora akwatin a kan layinsu.

Haka nan idan lalacewar ta biyo bayan tsawa mai ƙarfi, ko wutar da aka kawo da ƙarfi ta ƙona ƙwai da caja, to mai yiwuwa fis ne ko cikin akwatin kansa, wannan kuma sai masani.

Masu amfani da ƙananan na'urori marasa waya, waɗanda ake sayarwa a kwali da rimot da gurbin layin waya, su kowace sansa da ɗan batirinta a ciki. Idan shiyya ɗaya ta fara rigima, a fara canza mata batir kafin komai, sannan a duba ko an gitta wani babban ƙarfe, kamar firij ko sabuwar ƙofa, tsakaninta da uwar. A kula da layin da ke ciki ma. Layin da aka bari watanni ba kati ba kira kamfani yana rufe shi, wanda kuma ba a haɗa da lambar NIN ba, kamar yadda gwamnati ta wajabta tun Disamban 2020, shi ma an toshe shi. Jiniya za ta yi kuka a gida, amma wayar maigida da ke Legas ba za ta yi ƙara ba. Mun kuma ga yadda aka katse layukan waya a wasu sassan jihar Kaduna a ƙarshen 2021 saboda matsalar tsaro, wanda ya nuna cewa maƙwabcin da ke jin jiniya da kunnensa ya fi kiran waya tabbas.

SAURA WAYA

Bayan gyaran ƙofa da wata biyu Yaya ta kira ni, wai lamba biyar ce kuma yanzu, tagogin ɗakin yara. Wannan karon ita da kanta ta yi gwajin maganaɗisu a kowace taga, lambar ta ƙi mutuwa. Idan aka kai nan, abu uku ya rage: ko sansa ta mutu, ko waya ta yanke, ko gurbin shiyyar a cikin akwati ya ƙone.

Wannan mataki yana buƙatar buɗe akwati, don haka ki nemi wanda ya san wuta, ko da mai gyaran rediyo ne ko ƙaninki da ya yi makarantar koyon sana'a, amma ki tsaya a kansa ki san abin da ake yi. Wayoyin shiyya wutarsu kaɗan ce, ba ta kisa. Ɓangaren da wutar NEPA ke shigowa, wajen taransifoma, shi ne ba a wasa da shi, a zare soket tukuna. A sani kuma wasu akwatunan da an buɗe murfi jiniya ke tashi, don haka a gaya wa maƙwabta kafin a fara.

A ƙarshen wayar kowace shiyya akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake mai zobba masu launi, sunansa rezista. Aikinsa shi ne ya rage wutar zuwa wani ma'auni da akwatin ya sani. In ma'aunin ya dawo daidai, lafiya. In bai dawo ba sam, an yanke. In ya dawo ba ragi, to wayoyi biyun sun haɗe a hanya, ko wani ya haɗe su da gangan don ya makantar da shiyyar. Kowane kamfani da nasa: DSC om 5,600 ne, mai zobe kore da shuɗi da ja, Honeywell Vista om 2,000, Paradox om 1,000. Sa na wani a gurbin wani kaɗai ya isa ya hana shiyya zama lafiya.

Mai gyaran zai cire wayoyi biyu na shiyyar daga akwati, ya sa rezista mai ma'aunin daidai a gurbinsu. Idan lambar ta mutu, akwati lafiya yake, laifin na waje ne. Idan ta ƙi, gurbin ya ƙone, sai a mayar da wayar wani gurbin da ba kowa, masani ya saita. In laifin na waje ne, sai a ɗora mita a kan wayoyin da aka cire, a bi sansa ɗaya bayan ɗaya ana haɗe bakin wayarta, duk wadda aka haɗe mita ta dawo daidai, ita ce matacciyar. In an bi duka ba canji, waya ce ta yanke a hanya.

A gidan Yaya hakan ta kasance. Yaro ya hau silin da tocila ya tarar ɓera ya gwaguye wayar saura ƙiris, ga kashinsa nan birjik. Sai na tuna hadisin Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya umarce mu idan dare ya yi mu rufe ƙofofi da ambaton sunan Allah, mu rufe ƙorai, mu kashe fitilu, aka kuma ambaci ɓera a matsayin mai jan lagwani ya ƙona gida da mutanensa. Lagwani ya tafi, ɓeran yana nan, waya ya koma ja. Aka yanke wurin, aka haɗa da dalma maimakon a murɗe a naɗe da baƙin salatif, domin haɗin murɗe yana tsatsa da damina ya dawo da matsalar, sannan aka zura wayar cikin bututun roba.

A nan ne kuma muka gano wani ha'inci. Duk rezistocin gidan a cikin akwati mai aikin ya ɗaure su, bai kai ko ɗaya ƙarshen waya ba. Hakan ya fi masa sauƙi, allo kuma zai nuna komai lafiya, amma da wayoyin sun haɗe a cikin silin, da sai a buɗe taga a shiga akwatin bai sani ba. Duk mai sa wannan na'ura ya tambayi mai aiki ya nuna masa inda ya sa su kafin ya biya cikon kuɗi.

TSALLAKE SHIYYA

Idan dare ya yi ba a gama gyara ba, kada ki yi irin ta Yaya ki kashe na'urar duka saboda ƙofa ɗaya. Kusan kowane allo yana da hanyar tsallake shiyya guda a kunna sauran, masu aikin suna ce masa baifas. A allon DSC mai fitilu ana danna tauraro da 1, sai lambar shiyyar. A Honeywell Vista ana danna lambar sirri, sai 6, sai lambar shiyyar. Sauran a duba ɗan littafin da ya zo da su. A DSC ɗin kuma tauraro da 2 yana nuna irin matsalar da ke damun na'urar, tauraro da 3 yana nuna shiyyar da ta tayar da jiniya a karon baya, wanda zai rage miki wahalar nema.

Amma ki sani ƙofar da kika tsallake ba mai gadinta a wannan dare, sai ki ƙara mata kwaɗo ko ki tokare ta da turmi. Yawancin na'urori suna manta tsallaken da zarar an kashe tsaro da safe, sai an sake. Ni a ganina da gangan aka yi haka don abin ya dame ki har ki gyara. Na san gidan da aka shekara ana tsallake shiyya ɗaya kullum, har yaran gida da 'yar aiki da almajirin da ke ɗebo ruwa duk sun san tagar da ba ta kuka.

WA YA SAN SIRRIN GIDANKI?

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ce maganar tamu ce. Mai gyara daga Zariya ko Kano zai zo, sai an biya masa kuɗin mota, sai kuma ranar da ya ga dama. In ya zo, baƙon namiji ne zai ratsa har ɗakin kwananki, maigida ba ya nan, ya ga inda akwati yake, ya ga tagar da ba ta da sansa. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halal, amma duk abin da za ki iya gamawa da maganaɗisun rediyo da tsumma, bai kamata ya jawo shigar baƙo cikin gida ba. In kuwa shigar ta zama dole, a sa ranar da maigida ko wani muharrami yake nan.

Ban da lambar sirrinki, akwai wata lambar ta mai aiki wadda ake saita na'urar da ita, kuma sau da yawa ana barin ta yadda ta fito daga kamfani, wadda duk mai wannan sana'a ya sani. Maigida ya nemi a canza ta a gabansa, ya rubuta ya adana. Taku ta gida ma a canza ta duk lokacin da 'yar aiki ko direba ya bar aiki, kuma kada a sa 1234 ko shekarar haihuwar ɗan fari.

Abu na ƙarshe da ya rage wa Yaya shi ne maƙwabta, domin su ne jiniyar take kira, kuma su ne aka gajiyar. Da Alhaji ya dawo ya bi su gida-gida ya ba su haƙuri, ya gaya musu an gano dalili an gyara, ita kuma ta aika wa matansu da tumatir kwando-kwando. Aka yi da shugaban 'yan sintiri cewa ranar Asabar ta farkon kowane wata, bayan La'asar, za a gwada jiniya na ɗan lokaci kaɗan, duk kukan da aka ji ba a wannan lokaci ba a ɗauke shi da gaske. Takardar shiyyoyin nan tana manne a cikin murfin kabad ɗin Yaya, inda baƙo ba zai gani ba, an rubuta ta da boko an kuma rubuta da ajami saboda Hajiya, maganaɗisun rediyon kuma yana cikin gwangwanin allura da zare.